Tsofaffin farantan sola da sababbin da ke tafe: ina ya dace ka zuba jarinka?

Wani mai sayar da kayan sola ya aiko da tambaya: "Ina so in faɗaɗa harkata. An ce mini akwai kuɗi a sayen matattun farantan sola a ciro ƙarafan da ke ciki. Ga kuma wani dillali yana yi mini tallan sabon faranti na perovskite, wai ya fi na silikon ba da wuta. Wanne zan kama?"

Malam, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Shawarata ita ce kada ka kama ko ɗaya a yadda aka kawo maka su.

Farantin silikon da kake sayarwa, kusan kashi 75 cikin ɗari na nauyinsa gilashi ne. Alminiyam ɗin gefe bai kai kashi 10 ba, tagulla wajen kashi 1, azurfa kuwa ba ta kai ko kashi ɗaya cikin dubu ba. Gefen alminiyam da waya suna fita da sauƙi, kowane ɗan jari-bola zai cire su. Amma azurfar da silikon ɗin suna manne a tsakanin gilashi da roba, an gasa su tare domin su jure ruwa da rana na shekara 25. Raba su sai da injuna da sinadarai, sai kuma kaya mai yawa da zai riƙa shigowa kullum. A Amurka, cibiyar binciken makamashi ta NREL ta kiyasta cewa sake sarrafa faranti ɗaya na cin dala 15 zuwa 45, zubar da shi a juji kuma dala 1 zuwa 5. A Turai harkar ta tsaya da ƙafarta ne saboda tun 2012 doka ta ɗora wa masu ƙerawa da masu shigo da farantan nauyin kwashe su. Kuma ina roƙonka, kada ka bari wani ya ƙona robar don ya kai ga ƙarfe. Hayaƙin guba ne, yaranka na shago su ne za su fara shaƙa.

Inda ribar take a yanzu shi ne farantan da aka cire alhali ba su mutu ba. Farantin silikon mai kyau yana rage ƙarfi da kimanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari a shekara, don haka mai shekara 10 yana nan da yawancin ƙarfinsa. Sau da yawa matsalar ba ta wuce akwatin wayoyin da ke bayansa ba. Ka sayi mitar gwada wuta, ka gwada kowane faranti a cikin rana, ka duba tsagewa da alamar ƙuna, ka rubuta ainihin ƙarfinsa a jiki, ka sayar a matsayin na hannu da ɗan garanti daga gare ka. Jarin kaɗan ne, kuma kana tara sanin inda tsofaffin farantai suke. Hukumar IRENA, mai kula da makamashi mai sabuntuwa a duniya, ta yi hasashen a 2016 cewa sharar farantan sola za ta iya kai tan miliyan 78 zuwa 2050. Ranar da manyan masu sarrafawa suka fara neman kaya, wanda ya iya tarawa shi za su nema.

Maganar perovskite kuma, wato wani sabon sinadari da ake ƙera faranti da shi a madadin silikon ko tare da shi, gaskiya ce, amma da saura. A 2009 yana juya kashi 3.8 na hasken rana zuwa lantarki, yanzu idan aka ɗora shi a kan silikon ya haura kashi 33 a ɗakin gwaji. Sai dai kamfanin Oxford PV, ɗaya daga cikin na farko da suka kai shi kasuwa, bai fara tura wa mai saye ba sai a 2024, ke nan babu wanda ya ga yadda zai yi bayan shekara 20 a kan rufi. Danshi da zafi suna lalata shi. Abin da ya fi damuna shi ne mafi ingancinsa na ɗauke da dalma, a yanayin da ruwa ke iya narkar da ita idan faranti ya fashe, ta bi ƙasa ta shiga rijiya. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yara, wannan ba abin sakaci ba ne.

Saboda haka ka nemi dillalin ya ba ka sunan masana'antar, da takardar gwaji, da garanti a rubuce, da kuma wanda zai karɓi farantin idan ya mutu. Wannan ba baƙon sharaɗi ba ne, kamfanin First Solar, mai ƙera faranti da wani sinadari daban da ake kira cadmium telluride, yana da tsarin karɓar nasa tun 2005. Idan dillalin ya kasa kawo takardun, ka riƙe kuɗinka. Idan ya kawo, ka ɗauki 'yan kaɗan ka kafa a inda idonka yake, su yi damina da bazara kafin ka sayar wa kowa.