Kwamfuresa, limita ko get, wanne zan kunna Oga?

Yarona na ga saƙonka, kace malamin da kake haɗa wa sauti a wajen tafsiri a Tudun Wada in ya yi ƙasa da murya 'yan sahun baya ba sa ji, in kuma wa'azi ya ɗau zafi ya ɗaga sai sifiku su dinga tsatsagewa, ga wani gurnani a ƙasa-ƙasa, shine kake tambaya wanne zaka kunna cikin ukun.

To kafin komai fara gyara geyin ɗin mayik, wato ƙarfin da sautinsa ke shiga mikisa da shi, ka sa malam ya yi magana da ƙarfinsa ka tabbata fitilar ja bata kamawa a mikisa. Kuma ka lura da bakinsa, duk sanda ya ninka tazarar da ke tsakaninsa da mayik ɗin nan SM58 sauti zai faɗi da kusan dB 6 (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne), wani lokacin matsalar kenan kawai, ka matso masa da sandar mayik ka huta.

Abinda ka kwatanta aikin kwamfuresa ne. Shi kamar hannunka ne a kan feda, abin da ake turawa a ƙara murya ko a rage, in murya ta haura iyakar da ka yanka masa, wato tireshol, sai ya danne ta, in ta sauko ya sake ta. Reshiyo shi ke faɗin yawan dannewar, 4:1 na nufin in murya ta wuce iyaka da dB 4, dB 1 kacal zai fita. Na malam sa 3:1, atak, wato saurin kama muryar, wajen milisakan 10 zuwa 20, rilis, wato saurin sakinta, 100 zuwa 200, sannan ka dinga sauke tireshol a hankali kana kallon mitar GR mai nuna yawan abinda ya danne, a ce lokacin da ya ɗaga tana cin dB 3 zuwa 6, in yana magana a natse ko motsi kar ta yi. Mikisar X32 da kake amfani da ita kowace chanel tana da nata kwamfuresa da get, ba sai ka ɗauko kwamfuresar dbx daga shago ba. Amma fa yi hattara da mekof geyin, wato ƙarin ƙarfin da ake mayarwa bayan an danne murya, yara kuna son murɗa shi, in ka ƙara da yawa ƙarar fanka da tarin jama'a duk su taso, ga masallaci tayil ko ina, nan da nan fidbak ya kaure da kuwwa kowa ya juyo yana kallonka.

Limita kuma kwamfuresa ne mai kafiya, reshiyo 10:1 zuwa sama, wurinsa can ƙarshe kafin amfilifaya. Ba don daɗin murya ake sa shi ba, don kar wani ya buga mayik a ƙasa ko MC ya kurma ihu a wajen biki tuwita, ƙaramar sifika mai fitar da siririn sauti, ta ƙone. In ka ga yana aiki tun farkon karatu har ƙarshe to sifikunka sun yi wa wajen kaɗan, ƙaro wasu.

Get shine na fi jin tsoro a hannun ɗan koyo. Yana rufe mayik in sauti ya sauka ƙasa da iyaka, a kan ganga ko kalangu yana da kyau don kar mayik ɗin wannan ya kwashi na wancan. Amma alaramma mai jan baki in ya ja madda muryarsa tana siracewa a ƙarshen aya, in ka matse get zai datse masa ita, wannan kam ba'a yafewa. In dole ne, sa renj ɗin, wato yawan abinda zai rage, dB 10 kawai, kar ya rufe ruf.

Gurnanin nan kuwa get ba ya maganinsa, ɓoye shi yake in an yi shiru, malam na buɗe baki ya dawo. Ham ne na wuta, 50 Hz, yawanci daga waya mara kyau ko mikisa da amfilifaya suna kan soket daban-daban. Haɗa su a layi ɗaya, canja kebul, raba wayar mayik da ta janareto, ka sa lokat, mai yanke sautin ƙasa-ƙasa, a 100 Hz. Gobe ka je da wuri bayan azahar ka gwada kafin jama'a su cika, ka turo min rikodin in ji.