Kasuwa ta buɗe mani, gidana ya rikice: in rufe sana'ar ne?

Assalamu alaikum Gwaggo, ina wuni, ya aiki ya iyali? Don Allah a sakaya sunana.

Ni matar aure ce a cikin garin Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura muke zaune. 'Ya'yana uku: babbar shekararta 10, mai bi mata namiji ne ɗan shekara 3, sai goyon wata 4 da ke hannuna. Sana'ata kayan gara, alkaki da dubulan da nakiya da cincin. Wurin kakata na koya tun ina gida. Da farko 'yan uwa kaɗai nake yi wa in biki ya taso, yanzu kuwa har daga Dutsin-Ma da Daura ana kirana, a turo kuɗi ta waya in ba direba saƙo a tasha.

Gwaggo, kasuwa ta buɗe amma gidana ya rikice. Ko arba'in ban yi ba na koma bakin kasko, saboda tun ina da tsohon ciki na riga na karɓi kafin alƙalami na wasu bukukuwa. Daga nan ban sake hutawa ba. Sau da yawa sai dare ya raba nake sauke mai, da asuba kuma in tashi shirin makaranta. Babbar da ta dawo daga boko sai in goya mata jaririn, har malamar Islamiyyarsu ta aiko tana tambaya ko lafiya aka daina ganinta. Makon jiya kuma ina cikin tsame dubulan waya ta yi ƙara, na juya in ɗauka, ashe ɗan shekara 3 ɗin ya matso, mai ya fallatsar mashi a hannu. Allah ya taƙaita, ƙunar ba ta yi zurfi ba, amma har yau in na kalli wurin sai gabana ya faɗi.

Ranar ne baban yara ya ce in zaɓa, ko sana'a ko 'ya'ya. Hajiyarsu ma ta goyi bayanshi, ta ce taura biyu ba ta taunuwa. Ban ga laifinsu ba. To amma shi ma'aikaci ne, tun da aka cire tallafin mai albashin ba ya kai mu ƙarshen wata. Kuɗin makarantar babbar, sabulu, cikon cefane, duk daga bokitin cincin suke fitowa, kuma shi kanshi bai san yawan abin da nake cikawa ba don ban taɓa faɗa mashi ba. Abin da ya fi ɗaure mani kai, duk wahalar nan ban ga abin da na tara ba. Dangi su ɗauka bashi su ce sai bayan biki, bayan bikin kuma kunya ta hana ni tambaya. Ga shi ina ganin kamar nono ya ragu, maƙwabciyata ta ce in fara ba jaririn koko.

In rufe sana'ar ne in rungumi yarana, ko akwai wata hanya? Wallahi duka biyun nake so, kuma na gaji.

Maman uku, Katsina

*

Wa alaikumus salam ɗiyata. Sannu da jego, sannu da ƙoƙari. Allah ya ba yaron nan lafiya, ya raya maki su gaba ɗaya.

Kada ki rufe. Amma yadda kike tafiyar da ita yanzu dole ya tsaya, kuma daga wannan makon. Ke ce mai kwaɓi, ke ce mai suya, ke ce mai amsa waya, ke ce mai kai saƙo tasha, ga shayarwa a kai. Mai shago a Babbar Kasuwa in magariba ta yi sai ya ja ƙofarsa ya tafi gida, ba wanda ke cewa ya yi laifi. Ke taki ƙofar a buɗe take har tsakar dare. Abin da ya rikita gidan ke nan, kuma yana gyaruwa.

Zan fara da wadda kika ambata a layi ɗaya kika wuce, babbar ɗiyarki, don ita ta fi tsaya mani a rai. Yarinya mai shekara 10 tana iya yi wa ƙaninta wasa ki yi sallah, ta miƙo maki zani, ta share tsakar gida. Kowa da haka ya tashi. Amma ta wuni da goyon wata 4 a baya har karatunta ya tsaya, wannan kam ita ce take biyan kuɗin mai aikin da ba ki ɗauka ba, kuma da iliminta take biya. Ba lallai ta yi maki ƙorafi ba, 'ya'yan fari ba su cika yi ba. Sai dai a wayi gari sa'o'inta suna shirin sauka ita tana can izifi na baya, tana jin kunyar shiga aji. Gobe ta koma Islamiyya. Ki je da kanki ki gaida malamar, ki yi mata godiya da ta lura, ki tambaye ta inda aka tsaya.

Sai kasko. Murhu a ƙasa cikin tsakar gida daidai tsawon ɗan shekara 3 yake, ba yadda za ki yi ido ɗaya na kan mai ɗaya na kan yaro. Ko dai a yi suya inda ƙofa ke rufuwa, ko a yi ta lokacin da yake hannun wani babba, waya kuma tana ɗaki. Tunda a hannu ya ƙone, ki nuna wa ma'aikatan lafiya ko da kina ganin ya fara warkewa. Allah ya kiyaye gaba, amma kowace mai suya ta sani: in ƙuna ta faru, ruwa mai sanyi ake ta kwarara wa wurin kamar na minti 20, na famfo ko na randa, ban da ƙanƙara. Kada a shafa man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko manja, ko gishiri.

Maganar koko kuwa, ki ba maƙwabciyarki haƙuri. Hukumar Lafiya ta Duniya da ma'aikatan lafiyarmu sun haɗu a kan nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a ƙarawa, sannan a fara abinci ana ci gaba da shayarwa. Alƙur'ani ma a Suratul Baƙara aya ta 233 ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa. Nono da tsotso yake zuwa. Jaririn da ke wuni a bayan yayarsa ba ya samun kama mama yadda ya kamata, shi ya sa kike ganin ya ja baya. Ki dawo da shi jikinki, ki ba shi duk sanda ya nema, ki ci ki sha ki samu barci. In yana jiƙa nafkin sosai kuma nauyinsa na ƙaruwa a wurin awo, yana ƙoshi. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12. Ke da kike shugabar kanki ko kwana 40 ba ki ba kanki ba.

Yanzu mu zo kan kuɗi, don nan ne maganin gajiyar yake. Kin ce ba ki ga abin da kika tara ba, ni kuma ina kyautata zaton ba ki san ainihin ribarki ba. Ki sayi littafi. Aiki na gaba da za ki yi, ki rubuta komai: fulawa, alkama, shinkafa, sukari, mangyaɗa, gawayi ko gas, bokiti, leda, kuɗin Napep zuwa kasuwa da tasha. Sannan ki rubuta ladan hannunki, wanda yawancin mata masu sana'ar gida suke mantawa kamar ba gumi ba ne. Tun watan Mayun 2023 da aka cire tallafin nan ba abin da ya zauna a farashinsa, amma akwai masu sayar da bokiti da kuɗin da suka haddace tun bara don tsoron kada kwastoma ta gudu. In lissafi ya nuna ribar ba ta kai wahalar ba, ki ƙara kuɗi. Wasu za su tafi, kuma tafiyarsu alheri ce gare ki, don aiki kaɗan mai riba ya fi maki aiki barkatai da ke cinye darenki a banza. Kuɗin sana'a su zauna a asusu daban, ki yanka wa kanki abin da za ki riƙa cira, kada jari ya narke a cefane.

Kuɗin kafin alƙalami ya zama ya isa sayen kayan haɗi, ciko kuma ya shigo kafin bokiti ya bar gidanki. Dangi ma haka, sabo da kaza ba ya hana yanka. In 'yar uwa ce za ta aurar, ki ba ta bokiti ɗaya gudummawa da zuciya ɗaya, ki faɗa mata da bakinki cewa wannan kyauta ce, sauran kuma ga kuɗinsu. Tsofaffin basussukan ki rubuta su, ki bi su a hankali da saƙo mai daɗi. Kuɗin makarantar ɗiyarki ne ke hannun mutane, neman su ba abin kunya ba ne.

Kin yi sa'ar sana'a. Mai dafa shinkafar biki dole ta kwana a bakin wuta ranar taro, ke kuwa alkaki da nakiya da cincin suna daɗewa ba su lalace ba in an rufe su da kyau. Saboda haka babu dalilin suyar dare. Ki ce duk mai so ta sanar da ke mako biyu kafin biki, kuma har jaririn ya fara cin abinci kada ki haɗa aikin biki biyu a mako ɗaya. Watan Sha'aban, da kowa ke son ɗaura aure kafin azumi, za a matsa maki. Ki nemi wata mai sana'ar da kika yarda da hannunta ki riƙa tura mata rarar aiki, gobe ita ma za ta turo maki. Ki koma WhatsApp Business, ki jera kaya da farashinsu, ki sa saƙon da ke amsa wa mutane da kansa cewa bayan isha'i sai da safe.

Kuma ki ɗauki mai taya ki aiki. Babbar mace nake nufi, wadda za ta zo ranakun kwaɓi da suya a biya ta, kuɗinta kuma ya shiga cikin farashin bokiti. Kada ki sauke wa ɗiyarki goyo ki ɗora wa ɗiyar wani da aka ɗauko daga ƙauye, ita ma makaranta ce wurinta. Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, da ake yawan kafa wa mata hujja da ita, ai ba ita ke bin ayari zuwa Sham ba. Amintattu take ba wa dukiyarta su juya, ita tana Makka.

Shi kuma baban yara, ki tuna ranar da ya yi maganar: ranar da ya ga ɗansa da ƙuna a hannu. Tsoro ne ya yi magana. Kada ki mayar masa da cewa ai ke kike riƙe da gidan, wannan kalma ba ta gyara komai, kuma tana daɗewa a zuciyar namiji. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki ɗauko littafin nan ki nuna masa abin da sana'ar ke shigowa da shi da inda yake tafiya. A shari'a ciyarwa a wuyansa take, abin da kika samu kuma naki ne, abin da kike sawa a gida kyautatawa ce. Amma tunda kin ɓoye masa, ya yanke hukunci ne a kan abin da bai sani ba. Daga nan ki shimfiɗa masa sabon tsari: ba suyar dare, ba suya yaro na kusa, yarinya ta koma karatu, ga mai taya aiki. Ki roƙe shi wata uku na gwaji. Ki kuma nemi taimakonsa a kan abu takamaimai, kamar ya riƙa ajiye maki saƙo a tasha in zai fita, ko ya riƙe yaron bayan la'asar ranar da kike aiki. Maza da yawa in an ce masu "ka taimaka" ba su san ta inda za su fara ba, in an faɗi aikin sai su yi.

Hajiya kuma ki shirya alkaki mai kyau ki je ki gaishe ta, ki ce kin ji maganarta, ki roƙe ta ta nemo maki mace mai amana da za ta taya ki. Dattijuwar da aka sa cikin shawara da wuya ta koma tana suka.

In duk da haka ya ce a dakata, kada ki mai da abin rigima. Ki tsayar da karɓar manyan ayyuka har goyon ya yi ƙwari, ki nemi ya bar maki ɗan cincin da za ki riƙa yi da rana kina ba masu shaguna, ku kuma zauna ku tsara yadda za a cike giɓin kuɗin makaranta, tunda yanzu ya san da shi.

Kin rufe wasiƙarki da cewa kin gaji, ban ɗauki wannan da wasa ba. Ranar da za ki kai jaririn awo, ki ce a duba jininki ke ma. In gajiyar na zuwa da jiri, ko yawan kuka ba dalili, ko barci ya ƙi zuwa ko da kin samu sarari, ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya kai tsaye. Irin wannan yana samun masu jego da yawa kuma ana maganinsa.

Gwaggo