Alhaji, Bar Jarin Shadda A Inda Yake, Buɗe Adakar Nan

Wani dattijo mai shagon shadda da atamfa a babbar kasuwar Sakkwato ya aiko da tambaya: "Tun 1984 nake ɗaukar hoto, lokacin da na sayi kyamarar Yashica ta hannu. Sha'awa ce kawai, ban taɓa karɓar ko sisi ba. Yanzu ina da Canon ta zamani, ga adaka cike da negetif, wato fim ɗin kyamara da ake wanke hoto daga gare shi, na hawan sallah da bukukuwa da kasuwa. Ina so in cire naira miliyan 3 daga jarin shago in buɗe situdiyo a Mabera. Yarana sun ƙi. Me ka gani?"

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Sau biyu na karanta wasiƙarka, kuma duk karatun sai hankalina ya tsaya a kan adakar nan. Amma bari mu fara da maganar kuɗi.

A nan yaranka suna da gaskiya. Kuɗin shadda kuɗi ne mai juyawa. Miliyan ukun nan tana iya fita ta dawo da riba kafin ƙaramar sallah, ta sake fita kafin layya. Ranar da ta shiga hayar shekara da fitilu da labule da firinta, ta zauna ke nan. Ga wuta, sai ka sayi janareta ko ka haɗa sola saboda sanyaya ɗakin, don kwamfuta ba ta jure zafin Afrilu a Sakkwato, lokacin da ake haura digiri 40. Cire uwar kuɗi daga sana'ar da ka ƙware a kanta ka zuba a wadda ba ka taɓa yanka wa farashi ba, sakin reshe ne a kama ganye.

Kasuwar hoton ma ta sauya. Ka fi ni sanin yadda ake layi a ƙofar mai hoto ranar sallah, a jira kwanaki kafin a karɓi wanki. Yau kowa da kyamara a aljihu. Ko kamfanin Kodak, wanda injiniyansa Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, ya ci gaba da dogaro da cinikin fim ɗin kyamara har ya kai kansa kotu a Amurka a 2012 kan karayar arziki. Hoton fasfo ribarsa kaɗan ce, masu yi sun yi yawa. Biki akwai kuɗi, sai dai aiki ne na tsayuwa tun hantsi har dare, kuma gidaje da yawa a garin nan ba sa barin namiji ya shiga wajen mata. In da wata 'yarka mai sha'awa, koya mata, wannan ƙofa tata ce.

To, adaka. Alhaji, abin da ke cikinta babu mai waya da zai iya ɗaukarsa yau. Dawakai a ƙofar fadar Sarkin Musulmi shekara 40 da suka wuce, fuskar kasuwa kafin a sake mata gini, dattawan da suka riga mu gidan gaskiya suna samari. Jikokinsu na nan a Kanwuri da Runjin Sambo da Arkilla, wasu ba su taɓa ganin fuskar kakansu ba. Mutumin da zai yi maka ciniki a kan hoton fasfo ba zai yi ciniki a kan hoton mahaifinsa ba.

Abin da ke damuna shi ne negetif ba ya son zafi, kuma adakar ƙarfe a ɗakin kwano tanda ce. Yau ɗin nan ka buɗe ta ka sunsuna. In ka ji wari mai tsami, fim ɗin ya fara lalacewa, ka ware waɗannan daga sauran. Masu kala su suka fi saurin koɗewa, da su za a fara. Kada ka goge ƙura da hannun riga, tana karce fim, kuma a gefe ake riƙe shi.

Jarin da wannan aiki ke buƙata kaɗan ne: sikana mai karanta negetif, kwamfuta ta hannu, da na'urar ajiye hotuna ta kwamfuta guda biyu, ɗaya a gida ɗaya a shago. Wanki ka riƙa kai wa masu injin, ka ɗora ribarka. Kuɗin kuma ya fito daga ribar da ka saba ɗauka don kanka, ko daga kwasar adashi. Ka sayi littafi daban, ko naira ɗari ta shiga ko ta fita a rubuta, kada ta haɗu da cinikin shago.

Daga nan wata ƙofar za ta buɗe da kanta. Kusan kowane gida akwai tsohon albam da ruwa ya taɓa ko gara ta ci gefensa. Gyara irin waɗannan, a ƙara girmansu a sa a firam, aiki ne na zaune da ya dace da shekarunka da idonka. Masu sayen shaddarka su ne kwastomominka na farko.

Abu biyu zan roƙe ka. Ka daina jin nauyin faɗin farashi, don wanda ya saba kyauta shekara 40 bakinsa kan yi nauyi. Ka karɓi rabi kafin alƙalami ko da ɗan'uwa ne. Sannan hoton matan aure da na cikin gida, kada ka sa a Facebook ko ka sayar wa wani sai da izinin iyalansu.

Ka ba abin wata shida. In littafin ya nuna yana biyan kansa har da saura, sai ka yi rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, mu sake zama kan maganar Mabera. Kafin nan, zaɓi hoto goma mafi kyau na hawan sallah, ka wanke su manya, ka rataye a shago saman shaddodi, ka rubuta shekarar kowanne a ƙasa.