Kumburin Hajiya ya sace, a daina ba ta Lasix?

Ɗan'uwa, ka ce kumburin ƙafafun Hajiya ya sace, fitsarin dare kuma na hana ta barci, ko a daina ba ta Lasix? A'a, kada ku daina sai likitan da ya rubuta mata ya ce. Furosemide ne sunan maganin, aikinsa shi ne ya sa ƙoda ta zubar da gishiri da ruwan da suka taru don zuciya ta gaza turawa. Bai warkar da zuciyar. In aka tsayar, ruwan ya dawo, wani lokaci har huhu, ta kasa numfashi a kwance. Ta riƙa sha da safe, ƙarfinsa yakan ƙare cikin awa 6 zuwa 8, dare ya same ta lafiya.

Amma ku kula da zafin Maradi na Afrilu da Mayu. Na ga tsofaffin da zufa da gudawa suka haɗu musu da wannan magani, jiri ya riƙa kayar da su. Maganin yana zubar da sinadarin potasiyam daga jiki, in kuma tana shan maganin zuciya na digoxin hakan na iya rikita bugun zuciya. Da kun ga jiri ko amai, ku kai ta asibiti ranar a auna jininta. Allah ya ba Hajiya lafiya.