Wuƙa ƙasan zakaran wuya take sauka

Ka ce me zai hana ka yanka dabba can sama, gindin muƙamuƙi, tunda wurin ya fi laushi, wuya kuma ya fi tsawo a teburi. Yaro, laushin nan shi ya cinye mini sa guda.

Taɓa ƙarƙashin haɓarka. Abin da ka ji tsoka ce shimfiɗaɗɗiya, ta kama ƙashin muƙamuƙi dama da hagu, harshe na zaune bisanta. Haka take ga dabba, bayanta kuma akwai ƙananan ƙasusuwan harshe, su ke rataye da zakaran wuya. Daga nan maƙogwaro ya sauka, zobe-zobe na guringuntsi, hanyar abinci na bayansa, jijiyoyin jini biyu na gefe. Malamanmu na Malikiyya maƙogwaro da jijiyoyin nan biyu suka ce a yanke, daga gaba, ba ɗaga hannu. Zakaran wuya kuwa ya bi kai. In ya faɗa wajen jiki, ba ka yanke maƙogwaro ba, nama ka tsaga.

Sa ne ja, na Azawak, na sayo shi Badagishiri jikka 280 na sefa, rabi bashi. Ranar hannuna ya kumbura, sai na ba wani yaro da ya rantse mini ya yi shekara uku yana fawa a Yamai. An kayar, an yi bisimilla, na juya ina ciniki da mai tuwo. Juyowar nan da zan yi, jini na kwarara, amma wuƙa ta bi ta cikin tsokar haɓa, har ta karci ƙashin harshe. Na sa hannu na lalubo zakaran wuya, ga shi can manne da jiki. Malami biyu na kira, don ban yarda da na farko ba. Duk suka ce mushe. Akwai wanda ya raɗa mini a kunne, wai a feɗe a kai kasuwa, wa zai sani? Ni, jikan mahauta, in ciyar da mutanen Tawa mushe? Rami muka gina. Wata bakwai ina biyan dillali, yaron ko haƙuri bai dawo ya ba ni ba.

Ku yaran yanzu ido kuke yanka da shi, waya na ɗaya hannun. Wasa wuƙa da fuskantar alƙibla ba zan ɓata bakina a kansu ba. Gobe da asuba akwai tumaki huɗu: ka dafe zakaran wuya da babban yatsa, ka tura shi wajen kai, ka kira ni in gani kafin ka taɓa wuƙa.