Kwamfuta za ta iya gane damuwata daga waƙar da nake ji?

Tambaya: Likita, wai gaskiya ne kwamfuta na gane mutum yana cikin damuwa daga waƙoƙin da yake saurare? Ɗalibi daga Zariya.

Amsa: Hasashe take yi, ɗana, ba ta kai ga gano cuta ba. Ana loda mata dubban waƙoƙi, ta yi ta bita har ta iya raba mai zafi da mai sanyi ta saurin kiɗa da ƙarfin sauti. A 2019 masu bincike a Jami'ar Cornell ta Amurka sun duba waƙoƙin da aka kunna sau miliyan 765 a Spotify, manhajar sauraron waƙa ta intanet, na mutum miliyan ɗaya a ƙasashe 51. Suka tarar cikin dare mutane kan koma wa kiɗa mai sanyi, lokacin aiki kuma mai zafi. Amma abin da aka kunna kawai na'urar ta gani, dalilin kunnawar yana cikin zuciyar mai shi. Mai jin waƙar bege ƙarfe biyun dare, ƙila masoyiya ce ta guje shi, ƙila kuma maigadi ne ke korar gyangyaɗi. Bayanan ma na 2016 ne, Spotify kuwa sai 2021 ya iso Najeriya, wato babu mu a lissafin.

Tambaya: Maigidana yana shan maganin ciwon damuwa. Tun da ya fara jin kiɗan gurmi da yamma ya samu sauƙi, yanzu yana so ya ajiye maganin. Wata uwargida daga Maraɗi.

Amsa: Hajiya, ki lallashe shi kada ya ajiye. A 2017 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta haɗa bincike 9 da aka yi kan mutum 421, ta ga jinya da kiɗa na rage damuwa na ɗan lokaci, amma a kan maganin aka ƙara ta, kuma ƙwararre ne ke jagoranta. Katse irin wannan magani farat ɗaya kan kawo jiri da rashin barci, ciwon kuma ya dawo. Ya ci gaba da jin gurminsa, ku koma wurin likitan da ya rubuta maganin.

Tambaya: Ba na iya barci sai da abin saurare a kunne. Akwai illa? Wata matashiya daga Kano.

Amsa: Kunnenki nake ji wa, 'yata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa manya kada su wuce awa 40 a mako suna sauraron sautin da ya kai desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Rage ƙarar, ki saita wayar ta kashe kanta bayan rabin awa.