Dutsen yashi ko giranit: wanne zan saya?

Tambaya: Malam, ina shirin gina katanga a Gombe. An yi mini tayin jan dutsen nan mai yashi-yashi, kuɗinsa bai kai na giranit ba. Sai dai na ga irinsa a gidan maƙwabcina, gindin bangon yana ta zubar da yashi. In saya ko in haƙura?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka biya kuɗin tifa tukuna. Dutsen nan, irin wanda ke Dutsen Bima da sauran sassan yankinku, asalinsa yashi ne da ya danƙare. Ƙwayoyin kansu suna da tauri ƙwarai, abin da ya haɗa su wuri ɗaya shi ne abin dubawa. Wani silika ce, wato sinadarin da ke cikin ƙwayar yashin kanta, ta riƙe shi, wannan ka same shi ka yi dace. Wani tsatsar ƙarfe ce, ita ke ba shi jan launi. Wani kuwa sinadarin farar ƙasa ne ko yumɓu, kuma nan matsalar take.

Ruwan sama kan kwaso iskar kabon kafin ya sauko, sai ya ɗan yi tsami, a ma'aunin tsami yana wajen 5.6, alhali ruwa zalla 7 ne, kuma duk abin da ya gaza 7 mai tsami ne. Harshe ba ya jin tsamin, amma damina bayan damina yana narkar da farar ƙasar da ke tsakanin ƙwayoyin, har su rasa abin riƙo. Sannan dutsen yana shan ruwa kamar soso. Danshin ƙasa ya hau da gishiri, rana ta busar, gishirin ya daskare cikin ƙofofin dutsen ya tsage shi ta ciki. Shi ya sa ka ga ɓarnar maƙwabcinka a gindi ta fara.

Je wajen masu fasa dutsen da kanka. Ka kankare gefe da ƙusa, ka ɗiga lemun tsami a kan garin. In ya yi kumfa, bar shi. Ka murza da babban yatsa. In yashi ya biyo ka, bar shi. Ka kawo guntu gida ka jiƙa a bokiti kwana ɗaya, ka ga ko ruwan zai yi duhu, ko gefen zai yi laushi.

Ni dai shawarata, fandisho da layin farko ka daure ka sa giranit, a shimfiɗa leda mai kauri don ta tare danshi, dutsen yashin da ya ci gwaji ya hau sama. Ka ce wa birkila ya kwantar da shi yadda layukansa suke a kwance, kuma indararo ya zubar da ruwa nesa da bango.

Tambaya: Wata Hajiya ta ce dutsen da aka ƙawata gaban gidanta da shi ya yi baƙi, an ba ta shawarar wanke shi da asid.

Amsa: Hajiya, don Allah kada ki yarda. Abin da ruwan sama zai yi a shekaru, asid zai yi shi kafin la'asar. Ruwa da burushi mai laushi sun isa, kuma kada a shafa masa fentin mai, yana kulle danshi a ciki.